Jinjina ga Babban Baƙon da Bai Zo Ba

Allah ya ja zamanin kotunan birnin Niyok, manyan zaurukan dutse masu dogayen ginshiƙai, masu matakalar da talaka kan hau yana haki, gidajen da ilimi ya cika ya tumbatsa har ya malalo kan titin Centre. Cikin dukan baiwar da aka yi wa waɗannan zauruka babu wadda ta kama ƙafar wata ƙa'ida guda da malaman shari'ar ƙasar ke taƙama da ita, wato ƙa'idar mutumin da shari'a ba ta yiwuwa sai da shi. Kotunan tarayya suna kiranta Ƙa'ida ta 19. Kotunan jihar sun ajiye ƙanwarta a sashe na 1001 na kundinsu. Ranki ya daɗe, sarauniyar zaure, uwar masu nauyin ƙafa, garkuwar wanda aka kira ya yi shiru, mai sallamar mai kuka cikin girmamawa ba tare da ta wahalar da kunnenta da jin kukan ba!

Asalinta abu ne da ko yaro ba zai yi musu da shi ba. Idan mutum uku suka gaji gona, biyu suka je gaban alƙali, ba a tsaga gonar sai an kirawo na ukun, don kada a yanka masa rabo yana kasuwa, kada kuma wanda ke riƙe da amanar gonar ya biya yau ya sake biya gobe. Wannan kam kowane muhuti a Zariya ya haddace shi. Inda hikimar Niyok ta yi wa tamu fintinkau shi ne a tambaya ta gaba: to, in an kira na ukun ya ce ba ya zuwa, kotu kuma ba ta da ikon sa wa a kawo shi fa? Alƙalanmu na da, bayin Allah, da littafin Tuhufa a hannu da buzu a ƙasa, sun ɗauka cewa wanda aka aika wa sammaci ya ƙi amsawa shi ya jawo wa kansa. Fiƙihun Malikiyya ya yarda a yi hukunci a kan wanda ba ya nan: a saurari mai ƙara, a rubuta sunayen shaidunsa, in wancan ya yi nisa a ajiye masa damar kawo tasa hujjar ran da ya dawo. Wannan tunanin mutane ne masu gaggawa, masu son mai haƙƙi ya karɓi haƙƙinsa tun yana numfashi. Amurka ta wuce nan tuntuni. Tun gyaran da aka yi wa ƙa'idar a 1966, alƙalin tarayya yakan ɗora abubuwa huɗu a kan ma'auni, takwaransa na jiha yana da biyar. Ya duba cutar da za ta sami wanda bai zo ba, ya duba ko akwai dabarar rage ta, ya duba ko mai ƙara yana da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa, sannan da sunan adalci da tsarkin zuciya yana iya naɗe tabarmar shari'ar ɗungurungum. Wanda ya zo ya koma hannu Rabbana, wanda bai zo ba ya kwana da nasara a gidansa. Masu cewa shari'a saɓanin hankali da sun leƙa Niyok da sun ga inda maganarsu ta yi jikoki.

Ba a sanin darajar sarauniya sai ta yi babban baƙo, kuma Allah ya kawo mata shi daga Filifin. A shekarar 1972 shugaba Ferdinand Marcos ya gabatar da ayyuka biyu na gina ƙasa. Ya sa ƙasarsa ƙarƙashin dokar soja, ya kuma sa aka yi rajistar wani kamfani a Panama mai suna Arelma, aka buɗe masa asusu a Merrill Lynch da ke Niyok, aka zuba dala miliyan 2. Dubi hangen nesan uba nagari, mai tara 'yan ƙasa a bariki da hannun dama, mai yi wa iyali tanadi da na hagu! Ƙungiyar Amnesty ta ƙiyasta cewa a zamanin nan an tsare mutum kusan 70,000, an azabtar da kusan 34,000, an kashe sama da 3,200. Su kuwa kuɗi, da yake ba wanda ya taɓa jona musu wayar lantarki ko ya ɗura musu ruwa ta hanci, sai suka yi ta ƙiba cikin kwanciyar hankali, har zuwa shekarar 2000 suka kai kimanin dala miliyan 35. Niyok birni ne mai karamci, ba ya tambayar baƙo inda ya samo guzurinsa. An danganta wa gidan Marcos manyan benaye a Manhattan, har da mai lamba 40 a titin Wall, kuma da aka gurfanar da uwargida Imelda a kan batunsu, masu taya alƙali hukunci sun wanke ta tas a 1990.

A watan Fabrairun 1986 jama'a suka cika titunan Manila, Marcos ya hau jirgi ya sauka Hawai. A shekarar ce waɗanda suka ɗanɗana mulkinsa a jikinsu suka bi shi can da ƙara. Ƙarar tana ɗauke da sunan gidan Hilao, gidan su Liliosa Hilao, ɗaliba mai shekara 23 da ta mutu a hannun jami'an tsaro a barikin Crame a watan Afrilun 1973. Marcos ya rasu a Honolulu a 1989, shari'a ta ci gaba a kan dukiyar da ya bari, kuma a 1995 kotu ta yanke wa mutum 9,539 diyyar da ta kusa dala biliyan 2. Takarda ce kyakkyawa, mai hatimi, mai sa hannun alƙali, irin wadda mutum zai sa a gilashi ya rataye a ɗaki jikoki su riƙa kallo. Sai dai wasu daga cikin mutanen nan, saboda ƙarancin wayewa, suka ɗauka takardar diyya tana nufin diyya. Suka fara neman inda dukiyar take, har kunnensu ya kai ga asusun Arelma.

Merrill Lynch ya ga hannaye sun yi yawa a kan kuɗin da ke ajiye a wurinsa. A shekarar 2000 ya bi hanyar da doka ta tanada wa mai riƙe da ajiyar da ake jayayya a kanta: ya kai kuɗin kotun tarayya ta Hawai, ya ce a kirawo duk mai da'awa, a ba mai rabo rabonsa, shi a sake shi. Aka kira waɗanda aka azabtar, da wakilinsu Mariano Pimentel. Aka kira Arelma da Bankin Ƙasa na Filifin da ke riƙe da takardun hannun jarin kamfanin. Aka kira magadan Roger Roxas, mai gyaran makulli da ya ce ya haƙo gunkin Buda na zinariya kusa da Baguio a 1971 mutanen Marcos suka ƙwace. Aka kuma kira Jamhuriyar Filifin da hukumarta ta ƙwato dukiyar Marcos, PCGG, wadda aka kafa a 1986.

A nan ne babban baƙo ya nuna asali. Jamhuriya ta yi magana biyu a numfashi ɗaya, kuma ko wace ta isa a rubuta da ruwan zinariya. Ta ce kuɗin nawa ne. Ta ce kuma ni ƙasa ce mai cin gashin kanta, ina sanye da rigar kariya, kotunku ba ta da hurumin zaunar da ni. Gaishe ki, giwa mai sa ƙafa a kan abu ta ce ba ta wurin! Mai da'awa da babbar murya, mai ƙin rantsuwa da ladabi, wadda ta hana a ci, ta kuma ƙi zama a raba! Alƙalin da ya zauna shari'ar a Hawai, Manuel Real, bai fahimci zurfin wannan fasaha ba. Ya ci gaba da shari'a, ya ba wa waɗanda aka azabtar kuɗin a 2004, kotun ɗaukaka ƙara ta mara masa baya a 2006, har tana cewa ko da Jamhuriya ta zo, wa'adin shekara 6 da dokar Niyok ta yanka wa irin da'awarta ya shuɗe. Saura ƙiris tsofaffi su karɓi wani abu a hannunsu, abin kunya ya tabbata a tarihin shari'ar Amurka.

Allah ya rufa asiri da Kotun Ƙoli. Wa ya kai maganar can? Ita Jamhuriyar da ba ta zuwa kotu. Ta ɗauki lauyoyi, ta tsallaka teku, ta hau matakala a Washinton, ta tsaya gaban alƙalai tara a watan Maris na 2008 domin ta shaida musu da bakinta cewa ba ta nan. Shari'ar ma da sunanta ake kiranta har yau, Jamhuriyar Filifin da Pimentel. Wane mahaluƙi ne ya taɓa halartar zama da irin wannan cikakken rashin halarta? Ranar 12 ga Yuni, 2008, mai shari'a Anthony Kennedy ya rubuta hukuncin masu rinjaye: idan ƙasa ta ɗaga rigar kariyarta, da'awarta kuma ba ta shirme ba ce, kuma akwai yiwuwar a taɓa muradinta, to dole a kori ƙarar. An yi maganar mutuncin ƙasa da girmamawar da ke tsakanin ƙasashe, kuma wallahi magana ce mai daɗin ji. Mutuncin ƙasa abu ne mai laushi, ko inuwar sammaci ta gifta kansa sai ya yi tabo, don haka wajibi ne a lulluɓe shi. Mutuncin matar da sojojin ƙasar suka tuɓe a ɗakin tambaya kuwa ya riga ya horu, ya saba da jira, ƙarin shekara goma ko ashirin ba za su rage shi da komai ba. Masu shari'a biyu, Stevens da Souter, sun so a bar ƙofa a buɗe ko da kaɗan, a ɗage zaman maimakon a kashe shi. Ba a rasa masu rauni a kowace majalisa.

Kada wani ya ce Jamhuriya ba ta da hujja. Tana da ita, mai nauyi ma: abin da shugaba ya ɗiba daga baitulmali na 'yan ƙasa ne duka. Mu da muka ga kuɗin Abacha suna dawowa kashi-kashi daga Suwizalan da tsibirin Jersey, har da dala miliyan 311 a 2020, shekara 22 bayan rasuwarsa, mun san zafin wannan magana. Hujja ce da ta cancanci a baje ta a gaban alƙali, a ajiye ta kusa da ta mutanen da aka karya wa haƙarƙari, a auna, a ji wadda ta rinjaya. Alherin sarauniya shi ne ta hutar da kowa daga wannan ɗawainiya. Ba a auna ba, ba a ƙaryata kowa ba, ba a gaskata kowa ba, an tashi lafiya.

An ce ai akwai kotu a Manila, Sandiganbayan mai shari'ar almundahana, da ke duba batun dukiyar. Gaskiya ne, tana dubawa tun 1991. Shekara 17 ta yi tana nazari cikin natsuwar manyan malamai, amma da labarin Washinton ya iso, ilhama ta sauko mata, a watan Afrilun 2009 ta ce dukiyar Arelma ta zama ta gwamnati. Waɗanda aka azabtar ba sa cikin masu shari'a a can, kuma babu wanda ya ga dalilin tsayar da zama saboda kujerunsu ba kowa. Ashe rashin halarta ma akwai na sarauta akwai na talakawa.

Tsofaffin nan ba su daddara ba. Da kuɗin suka dawo Niyok, biyu daga cikinsu, Swezey da Duran, suka shigar da buƙata a 2009 a babbar kotun jiha da ke lamba 60 a titin Centre, suna cewa ga takardar bashinmu, ga dukiyar wanda muke bi, a miƙa mana. Mai shari'a Charles Ramos ya ƙi korar ƙarar. Aka gyara masa kuskurensa a 2011, sannan a watan Yunin 2012 kotun ƙolin jihar da ke Albany ta ɗora tubalin ƙarshe: sashe na 1001 ya yi magana, babu Jamhuriya babu zama. Kuɗin suka kwanta a hannun kwamishinan kuɗi na birnin, amintaccen mai gadi, suna ci gaba da haihuwa, masu jiransu suna ci gaba da raguwa. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, kuma kotu, saboda ƙaunar da take yi wa mutanen nan, ba ta so ta katse musu girki.

Abin da zai ƙara maka son wannan kotu ta Albany shi ne iya sanin girman baƙo. A 2003, a shari'ar 'yan kasuwar Saratoga da gwamna Pataki kan yarjejeniyar gidan caca, wanda bai zo ba ita ce ƙabilar Mohawk ta St. Regis, 'yan asalin ƙasar, su ma da tasu rigar kariyar. A ranar kotu ta ga cewa wanda ya zaɓi ƙauracewa ba zai toshe wa wasu ƙofar shari'a ba, aka yi zama babu su, aka yanke hukuncin da ya shafi abincinsu. Bayan shekara 9, ƙa'ida ɗaya, sashe ɗaya, zaure ɗaya, sai ma'auni ya karkata ɗaya gefen, da dalilai masu tsari da aka jera a rubuce. Madalla da sikeli mai ido, wanda ke gane bambancin rawanin ƙasa mai jakada a Washinton da na ƙabilar da aka bar wa ɗan yanki a bakin iyakar Kanada!

Ba ƙasashe kaɗai ke shan inuwarta ba, sarauniya ba ta da rowa ga masu hali. A unguwar Red Hook ta Brooklyn, hukumar birni ta ba da izinin mai da wani tsohon sito a titin Imlay gidajen kwana na masu kuɗi. Ƙungiyar 'yan kasuwar unguwar ta ƙalubalanci izinin a ranar ƙarshe ta kwana 30 da doka ta ba ta, ta rubuta sunan hukuma da na birni, ba ta rubuta na kamfanin da ya mallaki ginin ba. Maganar ta hau har Albany a 2005, ana ta muhawara mai zurfi a kan sunan da ba a rubuta ba, batun ko unguwar ma'aikata za ta ci gaba da zama ta ma'aikata yana tsugune a waje yana jiran a gama.

Yanzu sai mai karatu ya sauko daga matakalar lamba 60, ya yi 'yar tafiya arewa a kan wannan titi na Centre zuwa lamba 111, inda kotun ƙananan ƙararraki ta birni take zama. A nan ne zai ga cikar kamala, domin a nan ma kujerar wanda ake ƙara ba kowa a kanta, amma ba wanda ya naɗe tabarma. A shekarar 2006 kaɗai an shigar da ƙararrakin bashi kimanin 320,000 a wannan kotu da rassanta na gundumomi biyar, kuma binciken da cibiyar Urban Justice ta yi ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 sun ƙare da hukunci a bayan idon wanda ake ƙara. Babu ma'auni huɗu, babu biyar. Magatakarda ya duba takarda, ya buga hatimi, a toshe asusun mutum a banki, a riƙa yankar masa har kashi 10 na albashi, hukuncin ya bi shi shekara 20, da kuɗin ruwa kashi 9 a shekara kafin a sassauta na bashin talakawa zuwa kashi 2 a 2022. Mai share ofis da direban tasi da mai kula da tsofaffi a gidajen mutane ba su da mutuncin ƙasa da za a ji tsoron taɓawa, shi ya sa aka girmama su da saurin aiki.

Mai gardama zai ce ai su an aika musu sammaci, su suka ƙi zuwa. Allah ya saka wa masu kai sammacin da alheri, waliyyan zamani, ma'abota karama! A watan Yulin 2009, shekarar da Swezey ke roƙo a lamba 60, babban lauyan jihar na lokacin, Andrew Cuomo, ya nemi a soke hukunce-hukunce kusan 100,000 da aka samu a faɗin jihar ta hannun kamfanin kai sammaci guda ɗaya, American Legal Process. Takardun rantsuwarsu sun nuna bawan Allah ɗaya yana ƙwanƙwasa ƙofofi a wurare daban-daban a lokaci guda. Mutanen sana'ar suna ce wa wannan aiki sammacin kwata, wato a jefa takarda a magudana a koma a rantse an miƙa ta hannu da hannu. Mai kamfanin ya amsa laifi aka ɗaure shi, abin da ke nuna duniya ba ta iya riƙon masu baiwa ba. A wata shari'ar kuma, ta Sykes da ofishin lauyoyi na Mel Harris, alƙali Denny Chin ya yi lissafi bisa abin da masu ƙara suka gabatar: ma'aikaci ɗaya yana sa hannu a kan takardun rantsuwa kusan 40,000 a shekara, yana shaida cewa shi da kansa ya san gaskiyar kowane bashi, wato 20 a awa, ɗaya a kowane minti 3, daga safe har yamma ba tashi. Wane hafizi ne a Kano ko Katsina zai gwada ƙwaƙwalwa da wannan? An sasanta ƙarar a 2015 a kan dala miliyan 59. Kafin nan, dubban mutane sun fara jin labarin shari'arsu ne a gaban na'urar cirar kuɗi, ranar da kati ya ƙi aiki, kuma wannan ma tausayi ne, don an ɗauke musu zullumin jiran ranar zama.

Ga mazauna gidajen haya kuwa an yi tanadi na musamman. Duk wanda ya san Bronx ya san 'yan'uwanmu da ke can, 'yan zangon Kumasi da Accra, mutanen Yamai da Maraɗi da Kano, da yawansu suna zaune mutum huɗu ko biyar a gidan da sunan mutum ɗaya ne a takardar haya. Idan mai gida ya tashi korar su a kotun gidaje da ke kan titin Grand Concourse, ba a ɗora masa nauyin sanin su waye. Sashe na 1024 ya yarje masa, in ya ce ya bincika bai gano suna ba, ya rubuta John Doe da Jane Doe, sunayen da ake ba wanda ba a sani ba, kuma da wannan an shigar da su shari'a. Malam wane, mai sunan yanka da sunan mahaifi da na kaka, wanda aka yanka wa rago aka yi wa huɗuba, ya wayi gari an raɗa masa sabon suna kyauta, ba ko goro. Jamhuriya mai tuta da taken ƙasa an kira ta da cikakken sunanta an kasa shigar da ita. Shi kuwa an shigar da shi ba tare da an san sunansa ba. A 2013 ɗan haya 1 ne cikin 100 ke zuwa kotunan gidaje na birnin da lauya, masu gidaje kuwa kusan duka da nasu, tsari mai kyau da ke sa zama ya yi sauri, har majalisar birni ta zo ta dagula shi da dokar 2017 mai ba talakan ɗan haya lauya kyauta.

Kada a ce mutanen Pimentel ba su ga komai ba, a yi wa zamani ƙazafi. A 2011, shekara 25 bayan shigar da ƙara, shekara 16 bayan hukunci, an raba wa kimanin mutum 7,500 da suka rage a jerin dala 1,000 kowanne, daga wata sasantawa kan filaye a Texas da Colorado. Dala dubu ɗaya cur, a kan ɗa da ya fita bai dawo ba, a kan yatsun da ba su ƙara miƙewa ba. Sun yi ƙara, sun kawo shaidu, sun ci shari'a, sun bi sawun dukiya daga Honolulu zuwa Manhattan, sun tsaya a kanta shekara da shekaru. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi gardin bai taɓa zubar da girmansa ya shigo zauren Amurka a matsayin mai ƙara a kan waɗannan kuɗi ba. A 2012 kotun ƙolin Filifin ta tabbatar da ƙwace dukiyar Arelma, a ƙarar da ɗan marigayin, Ferdinand Marcos ƙarami, ya ɗaukaka yana neman a hana gwamnati taɓa ta. A 2016 sai ga Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da kanta, gwamnatin ƙasar da ta fi kowace ƙarfi a doron ƙasa, ta ɗauki hukuncin Manila ta shiga kotun tarayya tana neman a zartar da shi. Ina aka taɓa ganin ɗan aike mai wannan daraja? Baƙon da ba a iya kira ya sami masaukinsa ya zama masinjansa. Aka mai da shari'ar Manhattan, kuma a 2024 alƙali Lewis Kaplan ya amince da buƙatar, a kan kuɗin da suka kai kimanin dala miliyan 40, ninki 20 na abin da aka shuka a 1972.

Kafin wannan rana Allah ya riga ya kammala ni'imarsa a kan Jamhuriya. Ranar 30 ga Yuni, 2022, aka rantsar da sabon shugabanta, mai iko a kan hukumar PCGG da aka kafa don ƙwato abin da gidan Marcos ya ɗiba, mai riƙe da rigar kariyar da alƙalan Washinton da na Albany suka yi ta kakkaɓe wa ƙura, magajin mutuncin da aka kori mutum 9,539 daga zaure domin a tsare shi. Sunansa Ferdinand Marcos ƙarami. Allah ya ja zamanin ɗan sarki, mai neman kuɗi ta ƙofar iyali jiya, mai jiransu ta ƙofar gwamnati yau!